Yaron da Barewa Ta Rena: Tarihin Wata Tambaya a Kan Sanin Allah

Wajajen shekarar 1169 aka shigar da wani malamin fiƙihu ɗan Kurɗuba gaban Halifa Abu Ya'aƙub Yusuf, sarkin daular Muwahhiduna, wanda ikonsa ya haɗa ƙasar Magrib da kudancin Andalus. Sunan malamin Ibn Rushd, shekarunsa arba'in da 'yan kai. Bai iske kowa wajen Halifa ba sai wani dattijo, likitan fada, wanda shi ne ma ya yi masa hanyar shiga. Da aka gaisa, aka tambaye shi sunan mahaifi da asali, sai Halifa ya jefo masa tambaya: me masana falsafa ke cewa game da sammai, daɗaɗɗu ne marasa farko, ko kuwa fararru ne?

Ibn Rushd da bakinsa ya gaya wa wani almajirinsa cewa tsoro da kunya ne suka lulluɓe shi. Ya shiga kame-kame, har ya nuna shi ba ruwansa da falsafa. Yana da dalilin jin tsoro, domin Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya lissafa maganar cewa duniya ba ta da farko cikin maganganu uku da ya kafirta 'yan falsafa a kansu. Amsa ɗaya a irin wannan zaure tana iya raba mutum da rawaninsa, ko ma da abin da ake naɗa rawanin a kai. Halifa ya lura baƙonsa ya tsargu, sai ya juya wajen likitan nan suka shiga tattauna mas'alar su biyu, yana kawo abin da Aflatun da Aristo suka faɗa da raddin da malaman Musulunci suka yi musu. A hankali hankalin Ibn Rushd ya kwanta, ya sa baki. Ya fito daga fada da kyautar kuɗi da riga da abin hawa. Marubucin tarihi Abdulwahid al-Marrakushi ne ya adana mana wannan labari a littafinsa Al-Mu'ujib.

Yawancin masu ba da labarin daga nan sai su bi Ibn Rushd, tunda shi ne ya fi suna. Ni dattijon nan zan bi. Shi ne Abubakar Ibn Ɗufail, kuma shi ma ya amsa tambayar Halifa, sai dai ya sa amsar a bakin wani yaro da bai taɓa ganin mutum ba.

An haifi Ibn Ɗufail a farkon ƙarni na 12 a Wadi Ash, garin da Sifaniyawa ke kira Guadix yau, gabas da Garnaɗa. Ya yi magatakarda wa gwamnoni, a Garnaɗa da kuma Sabta da Ɗanja, kafin ya zama likita kuma abokin hirar Halifa, wanda ya hau mulki a 1163. Daular da ya yi wa aiki a kan tambayar tauhidi aka kafa ta. Ibn Tumart, malamin Barbar da ya fara kiran daga duwatsun Atlas ya rasu a 1130, ya zargi sarakunan Murabiɗuna da cewa suna ɗaukar ayoyin hannu da fuska a zahirinsu har suna suranta Allah da jiki. Ya rubuta wa mabiyansa gajeruwar aƙida da za su haddace, har da harshen Barbar, ya kuma karantar da cewa samuwar Mahalicci abu ne da hankali ba shi da makawa sai ya tabbatar. Magajinsa Abdulmumini ya ci Marakish a 1147. To amma daular da ta ce hankali ya isa ya san Allah ita ce kuma ke riƙe da takobi a kan wanda hankalinsa ya kai shi inda ba a so. A tsakanin waɗannan biyun Ibn Ɗufail ya rayu, kuma a nan ya rubuta ɗan littafinsa Hayyu bin Yaƙzan, wato Rayayye ɗan Farkakke. Sunan a wajen Ibn Sina ya aro shi, amma labarin nasa ne.

Tambayar da ya ɗauko tsohuwa ce: daga ina tunanin Allah ke zuwa wa ɗan Adam? Uwa ce ke shayar da shi tare da nono, malami ke dasa shi da bulala, ko kuwa mutum zai same shi ko da ba wanda ya faɗa masa? A likitance, in ana son sanin aikin wani abu sai a cire sauran a gani. Haka ya yi. Ya cire uwa da uba da harshe da littafi da gari, ya bar yaro ɗaya a tsibiri.

Ya ba da asalin yaron ta hanya biyu, ya bar wa mai karatu zaɓi. Wasu, in ji shi, sun ce a wani tsibiri na tekun Indiya, daidai tsakiyar duniya inda zafi da sanyi suka daidaita, wani curin laka ya yi ta ruɓa yana kumfa har ya dace da karɓar rai. Wasu kuma sun ce 'yar'uwar wani sarki mai girman kai ce ta auri ɗan'uwansu Yaƙzan a ɓoye, da ta haihu tsoro ya sa ta sanya jaririn a akwati ta tura shi teku, igiyar ruwa ta kai shi wancan tsibiri. Duk Musulmi zai ji ƙamshin Annabi Adamu a ta farko, ya ji na Annabi Musa a ta biyu. Daga nan hanyoyin suka haɗe: wata barewa da ta rasa ɗanta ta ji kukan jariri, ta zo ta ba shi nono.

Hayyu ya tashi yana bin barewa, yana kwaikwayon kukanta da na tsuntsaye. Abin da ya fara damunsa shi ne ganin kowace dabba da makaminta da suturarta, wannan ƙaho, wancan gashi, shi kuwa tsirara, ko 'ya'yan itace ya tsinka sai a ƙwace. Yana kusan shekara bakwai ya fara ɗaura ganye, ya yanki sanda, ya gano cewa hannunsa ya fi ƙaho amfani. Daga baya ya tsinci mushen mikiya ya yafa fatarta da fukafukanta, dabbobi suka riƙa gudunsa.

Sai barewa ta tsufa. Ya koma shi ke kai ta inda ciyawa take, yana tsinko mata 'ya'yan itace. Wata rana ta daina motsi.

A nan nake so mai karatu ya dakata, domin a ganina duk littafin a kan wannan gawa ya tsaya. Yaron ya kira ta da kukan da ta saba amsawa, shiru. Ya duba idanu da kunnuwa bai ga ciwo ba. Ya tuna cewa in ya toshe kunnensa ba ya ji, in ya cire yatsa ji ya dawo, sai ya ce lalle wani abu ne ya toshe wani wuri a cikinta, in ya kawar da shi za ta tashi. Ya lura kuma cewa in faɗa ya haɗa shi da dabba, ƙirjinsa ya fi karewa, don haka a nan ya kyautu ya nema. Ya fasa dutse mai kaifi, ya tsaga busasshen kara, ya buɗe tsakanin haƙarƙarinta. Ya fara cin karo da huhu, ya ga a gefe yake, abin da yake nema kuwa ya kamata a ce a tsakiya yake. Ya kai ga zuciya. Ya tsaga ta ya iske ɗaki biyu: na dama cike da daskararren jini, na hagu fayau ba kowa. Jini dai ya san shi, ya sha zubar da nasa bai mutu ba. Ɗakin da ba kowa shi ya tsaya masa a rai. Ya ce wuri mai kyau haka ba a yi shi a banza ba, akwai mai gidan da ya zauna a nan ya fita, kuma wanda ya bar gida tun yana lafiya ba zai dawo ba bayan an rusa shi. Uwar da ta shayar da shi ita ce wadda ta fita, wannan da ke kwance kayan aikinta ne kawai. Da gawar ta fara wari sai ya ga hankaki biyu suna faɗa, ɗaya ya kashe ɗaya ya tona rami ya binne shi. Hayyu ya yi wa barewa haka, kamar yadda ɗan Annabi Adamu ya koya daga hankaka a Suratul Ma'ida.

Masana da yawa, kafin Ibn Ɗufail da bayansa, sun ce daga tsoro tunanin abin bauta ya fito. David Hume na Sikotilan ya rubuta a 1757 cewa mutanen farko fargabar fari da cuta da mutuwa ce ta sa suka cika duniya da alloli masu yawa, tauhidi daga baya ya zo. Tun kafin Annabi Isa da shekara ɗari biyar Zinofanis na Girka ya yi wa mutanensa ba'a cewa da dawakai na iya zane, da allolinsu kamar dawakai za su fito. Yaron Ibn Ɗufail bai bi ko ɗaya ba. Tsawa ba ta firgita shi ya yi sujada ba, bai kuma sassaƙa gunki mai kama da barewa ba, ko da yake in gunki zai yi ita ta fi cancanta. Kewa ce ta fara tura shi. Ya rasa wadda yake so, ya bi sawunta da wuƙar dutse, ya gano cewa abin da ya fi muhimmanci a jiki ido ba ya ganinsa. Wanda ya taɓa tsayawa a kan makara ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

A likitance dai akwai kuskure a wurin. Ɗakin hagu na zuciya jini yake turawa, ba mazaunin wani tururi ba ne kamar yadda likitocin da suka bi Jalinus suka ɗauka. Ibn Ɗufail da ilimin zamaninsa ya yi aiki. Shi ya sa da wuta ta tashi a cikin kurmin kara, Hayyu ya ɗauko ta ya kai kogonsa, ya yi zaton abin da ya fita daga zuciyar barewa danginta ne, har ya tsaga wata dabba da ranta ya zura yatsa, ya ji wani farin tururi mai zafi, nan take dabbar ta mutu. Wannan ɓangare da na gina rumbu irin na tsattsewa da horar da dawakan jeji, har ya kai shekara 21, za mu wuce su da sauri. Marubucin yana nuna mana ne cewa yaron ya bi duk matakan sana'ar ɗan Adam shi kaɗai.

Daga nan ya koma tunani zalla. Ya ga dabbobi iri-iri amma rai ɗaya ke motsa su, ya ga tsirrai sun yi tarayya da dabbobi a ci da girma, ya ga dutse da ruwa da hayaƙi duk sun haɗu a tsawo da faɗi da kauri. Ya sa ruwa a wuta ya zama tururi, ya bar son gangarawa ya koma son hawa. Sai ya tambayi kansa: siffar da ta tafi da wadda ta zo, wa ya kawar da waccan ya kawo wannan? Duk abin da ya faru bayan babu shi yana buƙatar mai farar da shi. Ya duba duk abin da ke tsibirin bai ga wanda shi kansa ba fararre ba ne. Yana da shekara 28 ya ɗaga kai sama.

Ga tambayar Halifa ta dawo. Hayyu ya yi shekara da shekaru yana juya ta. In ya ce duniya ba ta da farko, sai ya ga ai ba ta rabuwa da abubuwa masu faruwa, abin da ba ya rabuwa da fararre kuwa fararre ne. In ya ce tana da farko, sai ya ga kalmar "kafin" ba ta da ma'ana in babu lokaci, lokaci kuwa cikin duniya yake, kuma me ya sa aka yi ta a wannan sa'a ba a wata ba? Ya kasa rinjayar da ɗaya. Maimakon ya yanke, sai ya bi kowace hanya ya ga inda za ta kai shi. Idan fararriya ce, tana da Mai fararwa, kuma ba zai zama jiki ba, don da jiki ne da shi ma cikin duniya yake. Idan kuma ba ta da farko, to motsinta ba shi da farko, motsi marar iyaka yana bukatar ƙarfi marar iyaka, jiki kuwa komai girmansa yana da iyaka, don haka Mai motsa ta ba jiki ba ne. Hanya biyu, masauki ɗaya. Ya ƙara da misali: in ka damƙe abu a hannu ka motsa hannun, tare suke motsi, amma motsin abin daga hannun yake. Haka duniya take a wajen Mahaliccinta ko da a ce lokaci bai raba su ba.

A nan gizo ke saƙa. Likitan fada ya faɗa wa malaman fiƙihu, ba tare da ya ambace su ba, cewa mas'alar da ake kafirta mutane a kanta ba ta rage komai daga tauhidi, kowane ɓangare aka ɗauka. Da ya faɗi haka a masallacin Marakish da sunansa, da wani labarin ake yi. Amma wa zai kai ƙarar yaron da barewa ta rena gaban alƙali?

Yana da shekara 35 Hayyu ya tabbatar da Wanda samuwarsa wajibi ce, Wajibul Wujudi a yaren malamai. Sai ya sake tambaya: da me na san Shi? Ido bai gan Shi ba, kunne bai ji ba, ko surantawa ba ta kama Shi. Ashe akwai wani abu a cikina da ba jiki ba ne, kuma shi ne ni. Da wannan ya koma ga ɗakin zuciyar barewa ta wata ƙofa. Ya tsara wa kansa ibada ba tare da an koya masa ba. Ba ya cin sai abin da zai riƙe rai, yana zaɓen nunannun 'ya'yan itace, ba ya jefa ƙwallonsu a kan dutse ko gishiri inda ba za su tsiro ba. In ya ga tsiron da wani ya shaƙe sai ya raba su, in ya ga dabba a tarko ya sake ta, in ruwa ya toshe ya buɗe masa hanya. Yana yawaita wanka don ya yi kama da taurari a tsabta, yana kewaya tsibirin, yana juyi a wuri ɗaya har jiri ya ɗauke shi. Daga ƙarshe ya bar ko wannan, ya zauna a kogo ido rufe, yana fita neman abinci sau ɗaya a mako, har ya kai ga abin da sufaye ke kira fana'i. Marubucin ya ce a nan ya kusa zamewa, ya ɗauka shi da Ubangiji abu ɗaya ne, sai rahama ta fizgo shi. Abin da ya gani kuwa, Ibn Ɗufail ya ce harshe ba ya ɗaukarsa, sai misalin hasken rana da ke faɗawa a madubi, daga shi zuwa wani madubin.

Da littafin a nan ya tsaya, da wa'azi ne kawai mai daɗin ji. Amma yana kusan shekara hamsin baƙo ya sauka.

A wani tsibiri kusa akwai mutane masu bin addinin wani annabi na gaskiya. Cikinsu akwai abokai biyu: Salaman, mai riƙo da zahirin nassi da zaman jama'a, da Absal, mai neman ma'anar ciki da son kaɗaici. Absal ya yi hayar jirgi ya zo tsibirin da ya ji ba kowa don ya yi halwa. Hayyu ya hango wata halitta cikin baƙar riga tana kuka tana karatu, ya bi ta a guje ya kama. Absal ya tsorata, ya gwada duk harsunan da ya sani a banza, ya miƙa masa guzurinsa. Hayyu ya ƙi, daga baya ya ɗanɗana don kada ya ɓata wa baƙo rai, ya ji daɗi, ya kuma yi nadamar karya ƙa'idarsa. Absal ya riƙa nuna masa abubuwa yana kiran sunayensu har ya iya magana, da niyyar ya koya masa addini ya sami lada. Da Hayyu ya buɗe baki ya faɗi abin da ya sani, sai malami ya koma ɗalibi: Absal ya ga duk abin da littafinsu ya faɗa game da Allah da mala'iku da lahira misalai ne na abin da wannan mutum ya gani. Hayyu shi ma da ya ji labarin manzon ya gaskata shi, ya karɓi salla da azumi da sauran farillai.

Abu biyu ne suka ɗaure masa kai. Me ya sa manzon ya yi wa mutane magana da misalai har wasu suka suranta Allah da jiki? Me ya sa kuma shari'a ta bar mutane suna tara dukiya, har ta tsaya tsara ciniki da riba da hukuncin ɓarawo, alhali wanda ya san gaskiya ba zai kula da waɗannan ba? Ya ɗauka kowa irinsa ne. Ya matsa wa Absal su je ya yi wa mutane bayani. Wani jirgi da ya ɓace hanya ya ɗauke su. Suka iske Salaman ya zama shugaba. Manyan gari suka tarbi Hayyu da girmamawa, amma da ya ɗan ɗaga magana sama da zahiri sai fuskoki suka canja. Suna yi masa fara'a don baƙo ne kuma don darajar Absal, a ciki kuwa sun ƙosa. Ya yi ta fama dare da rana, abin sai ƙara nisa yake. A ƙarshe ya gane hikimar misalai da dokoki, ya je ya ba Salaman da mutanensa haƙuri, ya ce su riƙe abin da suke kai, su guji zurfafawa a abin da bai shafe su ba. Shi da Absal suka koma tsibirinsu har mutuwa.

Ban taɓa jin daɗin wannan ƙarshe ba. Akwai raini a cikinsa, irin na malamin da ya yanke ƙauna daga talakawa bayan gwaji ɗaya, kuma Hayyu bai tsaya ya tambayi kansa ko shi ne bai iya koyarwa ba. Mutumin da bai taɓa rena ɗa ba, bai taɓa bin bashi ba, bai taɓa raba gado ba, ina zai san dalilin dokar ciniki? Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna marubucin ya san garinsu. A 1182 ya sauka daga muƙamin likitan fada, Ibn Rushd ya gaje shi. Halifa Abu Ya'aƙub ya rasu a 1184 daga raunin da ya samu a yaƙin Shantarin, Ibn Ɗufail ya bi shi a 1185 a Marakish, da mutuncinsa. Shekara goma bayan haka sabon Halifa, Ya'aƙub al-Mansur, ya kori Ibn Rushd zuwa Lusina kusa da Kurɗuba, aka ƙona littattafan falsafa. An maido shi daga baya, ya rasu a Marakish a 1198. Wanda ya yi magana da sunansa ya sha wuya, wanda ya saka tasa a tatsuniya ya mutu a gadonsa.

Malamai ba su bar littafin haka ba. A Alƙahira likita Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya rubuta nasa labarin na wani Kamil da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, amma shi hankalinsa ya kai shi ga cewa mutum ba ya rayuwa sai da jama'a, jama'a ba ta zama sai da doka, doka kuwa sai da annabi. Wannan Ibn Nafis ɗin shi ne ya fara bayyana cewa jini daga ɗakin dama na zuciya ta huhu yake bi ya isa na hagu. Ke nan likita ɗaya ya gyara wa Ibn Ɗufail zuciyar barewa, ya kuma ja da shi a kan tsibirin. Asalin gardamar ta girmi su duka: Mu'utazilawa da yawancin Maturidawa sun ce hankali kaɗai ya wajabta wa mutum sanin Mahaliccinsa, Ash'arawa suka ce ba a kama wanda manzo bai je masa ba.

Reshen wannan gardama ya iso har zaurukanmu. Ummul Barahin ta Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, da siffofi ashirin da ɗalibai ke haddacewa, an gina ta ne a kan cewa a san Allah da hujja, har ana tattauna matsayin imanin mai koyi kawai. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an sami ɗaliban da suka wuce gona da iri, suna tare talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujja su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce yana yi musu raddi, ya kare imanin gama-garin mutane. Inda Hayyu ya kai bayan ya sha kaye ke nan, sai dai Shehu bai koma tsibiri ba.

A Turai kuwa littafin wata rayuwa ya sake. Yahudawan Andalus da Faransa sun karanta shi da Ibrananci, Musa Narboni ya yi masa sharhi a 1349. Edward Pococke, malamin Larabci a Okusfod, ya zo da kwafin hannu daga Halab, ɗansa ya buga shi da fassarar Latin a 1671. A shekara mai bi aka fitar da shi da harshen Holan, George Keith ya mai da shi Turanci a 1674, Simon Ockley ya sake fassara shi kai tsaye daga Larabci a 1708. John Locke, wanda ya san Pococke babba a Okusfod, a 1671 ɗin ya fara zayyana littafinsa da ya ce zuciyar jariri farar takarda ce, ko sanin Allah ma da lura da tunani ake kai gare shi. Har yau masu bincike na ja-in-ja a kan ko Hayyu ya yi tasiri a kansa, da kuma a kan littafin Robinson Crusoe na 1719. Waɗanda suka rungume shi da hannu biyu su ne Kiristocin ɗariƙar Kwaika, masu cewa akwai hasken Allah a cikin kowane mutum. Malaminsu Robert Barclay ya kafa hujja da Hayyu a babban littafinsa kamar mutum ne da ya taɓa rayuwa. Da magadansa suka gane ƙagaggen labari ne, suka cire wurin a 1779.

Sun yi daidai da suka cire, don ba a taɓa samun Hayyu na gaske ba, kuma an nema. Sarki Akbar na Indiya, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya sa an killace jarirai kusan ashirin a wani gida, aka hana kowa yi musu magana. Marubucin fadarsa Abul Fadal ya ce harshe ake son gwadawa, Bada'uni kuwa ya ce har da son ganin addinin da za su karkata gare shi. Bayan 'yan shekaru aka je dubawa, aka iske ba harshe ba addini, sai bebaye. Gidan ma Gidan Bebaye aka riƙa kiransa.

Hukuncina ke nan a kan gwajin Ibn Ɗufail: ya cire wa yaron harshe a baki amma ya bar masa shi a ka. Hayyu yana tunani da "sababi" da "siffa" da "wajibi" kamar wanda ya yi shekara ashirin gaban malaman Garnaɗa, kuma matakan da ya taka, daga dabba zuwa falaki zuwa Mai motsawa, jerin darussan Aristo ne da Ibn Sina. Littafin bai tabbatar da cewa mutum shi kaɗai zai kai can ba. Abin da ban iya ture shi ba shi ne shafukan barewa, don su ba sa bukatar Aristo.

Littafin ƙarami ne, an sha buga shi da Larabci, mai jin harshen zai gama shi a zama biyu. Wanda ya same shi ya karanta wurin gawar a hankali kafin ya wuce zuwa sammai.